Tambaya da Amsa: Na sayi gem ya zo a lalace, za su dawo min da kuɗina kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Akwai wani gem, wato wasan bidiyo, da na kai wata takwas ina jira, na biya kuɗin tun bai fito ba saboda sun ce wanda ya yi oda da wuri za a ƙara masa kaya a ciki, ranar da ya fito kwana na yi ina saukewa, da safe na buɗe wallahi ko minti ashirin ba na yi sai ya daskare ya fitar da ni, ɗan wasana ya nutse cikin ƙasa har wuya, motoci na tashi sama su kaɗai, jiya kuma duk inda na kai ya goge na dawo farko. Abokaina sai cewa suke in yi haƙuri za a gyara. Ni dai kuɗina nake so. Ina da haƙƙi ko kuwa sun bi ruwa?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena. Kana da haƙƙi, amma lokaci ba ya jiranka, don haka kafin ka gama karanta wannan amsar ka je ka rufe gem ɗin tukuna, kar ka sake buɗe shi. Dalili shi ne yawancin shagunan intanet da agogo suke aiki. Ba ka faɗa min inda ka saya ba, to bari in bi su. In a Steam ne, tun watan Yunin 2015 dokarsu ita ce kwana 14 daga ranar saye, kuma kar wasanka ya kai awa 2. Tunda oda ka yi tun bai fito ba, kwana 14 ɗin daga ranar fitowarsa suke fara ƙirgawa. Abin da ke cin mutane shi ne awa biyun nan ba wai lokacin da ka ji daɗin wasa ba ne, duk mintin da gem ɗin yake a buɗe ana lissafa shi, ko kana zaune kana kallon allon lodin, ko kana ta juya saitin hoto kana neman inda zai daina tsinkewa, haka mutum zai ƙone awa biyunsa wajen gyaran abin da ba shi ya ɓata ba. Epic Games Store ma kusan haka ne, kwana 14 da awa 2. GOG sun fi sauƙi, kwana 30 suke bayarwa ko da ka sauke ka buga. PlayStation kuwa da tsauri, kwana 14 ne amma da zarar ka fara saukewa ƙofa ta rufe, sai dai in abin yana da aibu, kuma wannan "sai dai" ɗin shi ne naka, nan za ka riƙe.

In ma ka wuce awa biyun kar ka karaya, Steam da kansu sun rubuta cewa ko ka fita daga ƙa'idar kana iya nema za su duba. Amma yadda za ka rubuta ƙorafin yana da muhimmanci ƙwarai. Kar ka ce "ban ji daɗin wasan ba", wannan ba aibu ba ne. Ka ce yana fitar da ni duk bayan minti ashirin, ranar kaza ya goge min ajiyata, ga hoton allo, ga bidiyo, ga lambar kuskuren da yake nunawa, kuma kwamfutata ta cika sharuɗɗan da kuka rubuta a shafin sayarwa. Ka ɗauki bidiyon mutumin nan da ya nutse har wuya da wayarka ma ya isa. Ka ajiye rasit ɗin da suka turo maka ta imel.

Maganar abokanka ta haƙuri ita ce ta fi damuna gaskiya. An saba mana da wani abu da bai kamata mu saba da shi ba. A da in an buga gem a faifai an gama, ba hanyar gyara, dole kamfani ya tabbatar yana aiki kafin ya fita. Yanzu da intanet ya zo sai faci, wato gyaran da kamfani ke turowa ta intanet bayan gem ya fito, ya zama abin dogaro, a saki abu bai dahu ba don a cimma ranar da aka yi wa masu zuba jari alkawari, a karɓi cikakken kuɗi, sannan wanda ya saya ya koma ɗan gwaji kyauta. Ba na zargin ma'aikatan da ke kwana a ofis suna rubuta shi, sau da yawa sun san bai gama ba, masu yanke ranar fitarwa ne suke rufe ido.

Kuma kar wani ya ce maka ba a taɓa mayar da kuɗi ba. Gem ɗin Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, mutum miliyan 8 sun yi oda tun bai fito ba, a kan tsofaffin na'urorin wasa PlayStation 4 da Xbox One abin ya yi muni har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, kimanin mako ɗaya da fitowarsa Sony, mai PlayStation, ta cire shi daga shagonta gaba ɗaya ta ce duk mai son kuɗinsa ya zo ya karɓa, bai koma shagon ba sai watan Yunin 2021. Kafin nan a 2015 Warner Bros ta dakatar da sayar da gem ɗin Batman: Arkham Knight na kwamfuta jim kaɗan bayan fitowarsa, sai Oktoba ya dawo kasuwa, kuma suka buɗe mayar da kuɗi har ƙarshen shekarar ko awa nawa mutum ya buga. Duk waɗannan ba don kirki suka faru ba, mutane ne suka tashi suka nemi haƙƙinsu a lokaci guda. Gaskiya ne Cyberpunk ya gyaru daga baya, zuwa 2023 ya zama wani abu daban, amma wanda ya biya a 2020 ba na 2023 aka sayar masa ba.

TAMBAYA: Malam ni a shafinsu na ga an rubuta ba a mayar da kuɗi in an riga an sauke, kuma na danna na amince. Ba na ɗaure kaina ba kenan?

AMSA: Ya danganta da dokar ƙasar da kike, 'yar'uwa, amma a wurare da yawa rubutun kamfani bai fi ƙarfin doka ba. A Ostiraliya hukumar kare masu saye ACCC ta maka Valve, masu Steam, a kotu, a 2016 aka ci su tarar dalar Ostiraliya miliyan 3 saboda sun nuna wa mutane ba su da ikon karɓar kuɗinsu. A 2020 reshen Sony na Turai ma ya sha tarar miliyan 3.5 a can kan irin wannan magana. A Birtaniya dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce kayan da ake saukewa dole su kasance da inganci kuma daidai da yadda aka siffanta su, in ba haka ba a gyara ko a canza, in ya gagara a rage kuɗi, ragin kuma yana iya kaiwa duka kuɗin. Tarayyar Turai ma tana da irin tata da ta fara aiki a farkon 2022. Abin da kika danna galibi yana hana ki fasa ciniki ne kawai don kin canza ra'ayi. Kaya mai aibu maganarsa daban. Ki duba dokar masu saye ta inda kike, ki ambace ta a cikin saƙonki, in sun ƙi karon farko ki sake rubutawa, sau da yawa amsar farko na'ura ce take turowa ba mutum ba.

TAMBAYA: Sun ƙi biya na, wani ya ce in sa banki ya janyo kuɗin daga katina kawai. In yi?

AMSA: Ka bar wannan ya zama na ƙarshe, malam. Yana iya aiki, amma shagunan nan sukan rufe ko su taƙaita akawun ɗin wanda ya janye kuɗi ta banki, PlayStation an san su da haka, sai ka ga saboda gem ɗaya ka rasa hanyar shiga duk waɗanda ka tara shekara da shekaru. Ka fara ƙure hanyar shagon, ka rubuta wa kamfanin da ya yi wasan, ka kai ƙara hukumar masu saye in akwai.

Sannan tunda ku ukun duk ciwo ɗaya ne, bari in faɗi ra'ayina ƙarara: ku daina yin oda tun abu bai fito ba. Gem ɗin da ake saukewa ba ya ƙarewa a shago, ba layi za ku bi ba, rigar ɗan wasa ko bindigar da za a ƙara muku ba ta kai haɗarin ba. Ku jira kwana uku ko huɗu ku kalli bidiyon waɗanda suka buga a irin na'urarku, ba a kwamfuta mai tsada ta masu talla ba, don kafin Cyberpunk ya fito na kwamfuta kawai aka bai wa masu sharhi, shi ya sa masu PlayStation 4 ba su ga halin da nasu yake ciki ba sai da suka biya. In kuma zuciya ta ƙi jira, to ranar farko ku sa agogo a waya, in an kai minti 90 yana ta daskarewa ku rufe ku tura neman kuɗinku a daren.