Tambaya da Amsa: Wai in na koma PyPy shafina zai daina nauyi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a ABU, a Samaru nake zaune. Na haɗa wa wata makarantar kuɗi ta unguwarmu shafin duba sakamakon jarrabawa da Django, wato kayan haɗa shafi na yaren Python, komai lafiya lau, amma ranar da aka saki sakamako iyaye suka yi masa caa sai ya kama nauyi, wani ya yi ta jira har datarsa ta ƙare bai buɗe ba. Wani abokina ya ce laifin Python ne, wai in sa PyPy ya fi gudu nesa ba kusa ba. Na gwada, wajen saka psycopg2 (abin da ke haɗa shafin da databes, ma'ajiyar bayanai) kawai sai da na kwana biyu ina fama na haƙura. Shi ne nake tambaya dan Allah, in da gaske ya fi sauri me ya hana mutane komawa kansa? Kuma da kai ke riƙe da irin wannan aiki me za ka sa a gaba don masu haɗa shafuka irinmu su karɓe shi? A kan haka nake son yin furojet ɗina na ƙarshe.

Ɗalibinka daga Samaru

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka, wallahi na ji daɗin tambayar nan don ba kowa ke kai tunaninsa nan ba.

Bari mu fara raba abu biyu saboda masu karatu. Python yare ne, ƙa'idojin yadda ake rubuta kod kenan, shi kuma abin da kake saukewa a kwamfuta ya karanta kod ɗin ya aiwatar, wannan inji ne. Injin da kowa ya sani sunansa CPython, da yaren C aka rubuta shi, shi ne wanda Guido van Rossum ya fitar tun 1991. PyPy wani injin ne daban da wasu suka fara a 2003, yare ɗaya suke ji amma cikinsu ba ɗaya ba. Sirrin gudunsa shi ne abin da ake kira JIT, wato yana aiki yana lura da wurin da kod ke ta maimaita kansa, in ya gano sai ya juya wurin zuwa yaren da furosesa ke ji kai tsaye. Abokinka bai yi ƙarya ba, a lissafi mai maimaici PyPy kan ninka CPython gudu.

To amma shafinka ba lissafi yake yi ba, jira yake yi. Uba ya danna, saƙo ya tafi saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, saba ta tambayi databes, databes ta amsa, a haɗa shafi a dawo masa da shi ta netiwok ɗin da kai ma ka san halinsa a Hayin Dogo da yamma. Kwanaki na zauna da wani yaro mai irin matsalarka sak, muka kunna django-debug-toolbar mai nuna duk tambayar da shafi ke yi wa databes, muka buɗe shafin aji guda, sai ga shi kowane ɗalibi sai an koma databes an tambayo ajinsa, an sake komawa an tambayo malaminsa, haka har ƙarshen jerin sunaye. Layi ɗaya muka gyara da select_related mai ɗauko su duka a tambaya ɗaya, muka sa a riƙa ajiye sakamakon da aka riga aka haɗa tunda ba canzawa yake ba, shafin ya dawo kamar ba shi ba. Fara duba nan tukuna kafin ka taɓa inji.

Yanzu ga asalin tambayarka. Ka tsaya a Kwangila ka ƙirga mashinan 'yan acaɓa, za ka ga yawanci iri ɗaya ne, kuma ba don babu wanda ya fi su gudu a duniya ba, don dai in sarƙa ta tsinke ko kulochi ya ƙone kowane bakanike ya san kansa kuma kayan gyaransa na nan birjik a Sabon Gari. Inji na biyu a kowane yare wannan ce jarrabawarsa. Saboda haka da ni ke riƙe da PyPy ko wani mai kama da shi, abin da zan sa a gaba kafin komai shi ne kod ɗin mutane ya yi aiki a kaina ba tare da sun canza ko harafi ba, gudu ya biyo baya.

Kwana biyun da ka yi kana fama ga dalilinsa. Manyan laburaren Python da yawa, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta kake ɗauka ka yi aiki da shi, irin psycopg2 mai magana da PostgreSQL da NumPy da lxml, cikinsu C ne, kuma an ɗinka su ne daidai jikin CPython, har yadda yake ƙirga masu riƙe da kowane abu a memori don ya san lokacin zubar da shi. PyPy ba haka yake shara ba, nasa tsarin daban ne, dole sai ya yi kwaikwayon CPython ta wata gada da suke kira cpyext, gadar kuma tana cin lokaci, wani sa'in duk saurin da ka zo nema a nan yake zubewa. Shi ya sa aka yi psycopg2cffi, wata psycopg2 da ba ta bin wannan gadar, da ita ya kamata ka gwada, kuma shi ya sa wasu daga cikin masu PyPy suka fara aikin HPy don a samu hanya ɗaya da laburare zai bi ya yi aiki a kowane inji. A ganina duk awa ɗaya da za su kashe a nan ta fi awa goma wajen ƙara gudu.

Sai kuma bin sawun babban yaya, wato CPython, kar a bar ka a baya. Python yanzu duk Oktoba yake fitar da sabo, su kuma masu Django suna yanke tsofaffi, misali Django 5.0 da ya fito Disamba 2023 sai Python 3.10 zuwa sama. In injinka na baya da shekara biyu ko uku wata rana za a wayi gari sabon Django ba ya hawa kanka, shikenan masu shafuka sun tafi. Dubi Jython, Python ne da ke gudu a kan injin Java, aiki mai kyau wallahi, amma ya tsaya a 2.7, Django 2.0 ya bar Python 2 tun 2017, a Janairun 2020 aka rufe babinsa gaba ɗaya, yau wa zai gina sabon shafi a kansa?

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na HHVM, wani inji na biyu da Facebook suka yi wa yaren PHP, kuma ka sa shi a furojet ɗinka. Facebook da PHP aka gina shi, da ya yi musu nauyi sai suka fitar da HipHop a 2010, daga baya HHVM mai JIT, ya yi tashe har Wikipedia ta koma kansa a ƙarshen 2014. Abin ya zaburar da masu PHP na asali, a Disamba 2015 suka fito da PHP 7 wanda a shafuka irin WordPress ya kusa ninka 5.6 gudu kuma ya rage cin memori. Daga nan mutane suka ce to wahalar me muke sha? Facebook suka maida hankali kan yarensu Hack, a 2019 HHVM 4.0 ya daina goyon bayan PHP, Wikipedia ma a shekarar ta dawo PHP 7. Kuma abin da ke faruwa a Python kenan yanzu, 3.11 na 2022 ya fi 3.10 gudu da kimanin kashi 25 cikin 100 a matsakaici, 3.13 na 2024 ya zo da JIT na gwaji da kuma nau'in da babu makullin GIL, wanda ke hana zaruruwan aiki gudu tare. Duk wanda jarinsa gudu ne kaɗai ya sani babban yaya na tafe a bayansa.

JRuby kuwa, inji na biyu na yaren Ruby, sun daɗe tun 2001 suna nan, saboda suna ba ka abin da Ruby na asali ba ya bayarwa, ka hau injin Java, ka yi amfani da laburaren Java, zaruruwan aiki su gudu tare da gaske a kan duk kwakwalen furosesa, kuma suna matsa wa kansu Rails, wato kamar Djangon masu Ruby, ya yi aiki. Ruby 3.4 ya fito Disamba 2024, a Afrilun 2025 JRuby 10 ya cim masa.

Akwai kuma abin da mu nan ya fi damunmu wanda su can ba lallai su ji zafinsa ba, memori da kuɗi. JIT sai ya ɗumama kafin ya fara gudu kuma yakan fi cin ram, mu kuma ƙaramar saba muke haya da dala, wani ram ɗinsa giga 1 ne a ciki databes a ciki komai. In ka kunna ma'aikatan gunicorn 3, wato masu karɓar buƙatun shafin a saba, kowanne ya ɗumama nasa JIT ɗin daban, kan ka ankara memori ta cika. Masu hostin na cPanel da yawancin yaranmu ke saye kuwa CPython za ka tarar a ciki. Don haka zan so masu PyPy su rage cin memori, su rage lokacin ɗumi, sannan saka laburare da pip install ya wuce sumul ba sai mutum ya nemo kwamfaila da tsakar dare ana shirin ɗauke wuta ba.

Game da furojet, shawarata kar ka tsaya a rubutu. Ɗauki shafin makarantar nan, ka cire sunayen yaran mutane ka zuba na ƙirƙira, ka ɗora shi a saba ɗaya sau biyu, CPython da PyPy, ka yi masa ruwan buƙatu da Locust, manhajar da ke kwaikwayon cunkoson masu shiga shafi, kamar ranar sakamako, ka auna daƙiƙa nawa, ram nawa, minti nawa kafin PyPy ya ɗumama, wane laburare ya ƙi hawa. Ka kula da rufe fayil da haɗin databes da kalmar with ta Python, don PyPy ba ya rufewa nan take yadda CPython ke yi. Duk abin da ya karye ka rubuta wa masu PyPy a GitHub da cikakken bayani, mutane ne 'yan kaɗan mafi yawansu sa-kai suke yi, rahoto mai kyau daga Zariya zai yi musu amfani. In ka samu alƙaluman ka turo min ta ofishin mujalla mu duba tare, ka gaida malamin da ke duba aikin naka.