Ciwon fata da na gaɓɓai a dangi: a fasa auren zumunci?

Tambaya daga wata uwa a unguwar Zariya, Maradi: Maigidana yana da soriyasis (ciwon fata mai sa tabo da ɓawo), yanzu yatsunsa sun fara kumbura. Mahaifinsa ma haka ya yi fama. Ɗanmu zai auri ɗiyar ƙanen babansa. Akwai gwajin da za su yi, kamar na sikila?

Hajiya, babu irin wannan gwajin, kuma dalilin yana da muhimmanci. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo ta, shi ya sa ake iya lissafi: idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4 na haihuwar mai sikila. Soriyasis kuwa ƙwayoyin gado fiye da 60 ne ke da hannu a cikinta, kowace da ɗan kasonta. Mafi ƙarfinsu ita ce HLA-Cw6, mai alaƙa da ciwon fatar da ke farawa tun ƙuruciya, sai HLA-B27 da ke karkata ga ƙashin baya da ƙugu. Mutane da yawa na ɗauke da su har tsufa ba tare da ko ƙurji ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa ɗaya ya kamu, ɗaya ya tsira. Abin da ake gada shi ne garkuwar jiki mai saurin harzuƙa. Auren dangi na iya ɗan ƙara haɗarin, amma a ganinmu bai kai a fasa aure ba. Gwajin sikila dai kada su bar shi.

Abin da ke tayar da soriyasis ne ya fi cancantar kulawarku: taba, ƙiba, tsananin damuwa, ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta, rauni ko tsaga a fata, da cutar HIV. Wasu magunguna ma na tayar da ita, kamar kulorokin da wasu na hawan jini. Mafi haɗari shi ne shan kwatikoyid, wato magungunan rage kumburi irin su dexamethasone, daga hannun masu talla: fatar ta lafa kwana kaɗan, da an daina sai cutar ta dawo fiye da dā. Hunturu kuma yana ƙara busar da fata, don haka a riƙa shafa man kaɗe ko basilin bayan wanka.

A baƙar fata tabon ba ja yake fitowa ba. Duhu ne mai ɓawo ruwan toka, a gwiwa, gwiwar hannu ko fatar kai. Ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗaukarta ta kwano ko shimfiɗa.

Maigidanki shi ne abin gaggawa. Kusan 3 cikin 10 na masu soriyasis ciwon kan shiga gaɓɓansu, galibi shekaru bayan na fata. Alamominsa: sandarewar gaɓɓai da safe fiye da minti 30, yatsa ya kumbura gaba ɗaya, ciwon diddige, da ƙananan ramuka a farce. Gaɓar da ta lanƙwashe ba ta komawa daidai, don haka ya je babban asibitin Maradi tun yanzu, ya nuna fata da yatsun tare. Idan aka rubuta masa maganin metotirezat, sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, tare da folik asid da gwajin jini da na hanta lokaci-lokaci. Shan sa kullum bisa kuskure yana iya kisa, kuma mai ciki ba ta sha.