Tambaya da Amsa: Shin na'ura za ta karɓe aikin mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Zariya ce, ina shekara ta uku a wata jami'a a Amurka, kuma tun bara nake aikin kula da ɗalibai a ɗakunan kwana, wanda a nan ake kira RA. Ana ba ni ɗaki da abinci kyauta da ɗan alawus, ni kuma ina lura da ɗalibai kusan arba'in a hawan benen da nake. Aikin ya kwanta mini a rai, har ina tunanin yin digiri na biyu a fannin harkokin ɗalibai domin ya zama sana'ata. Sai dai a bana an kawo manhaja mai amsa tambayoyin ɗalibai dare da rana, ƙofofi kuma da waya ake buɗe su. Yayana ya ce in sauya fanni, wai nan da shekara goma na'ura ce za ta riƙa yin aikin. Shin yana da gaskiya?

Daga wata mai karatu, Amurka.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Yayanki ya hango wani abu na gaskiya, amma ina ganin ya ɗora hannu a inda ba nan ciwon yake ba.

Ki zauna ki rubuta duk abin da kika yi a mako guda na aiki, za ki ga ya rabu gida biyu. Akwai buɗe wa wanda ya manta katinsa ƙofa, da cike takardar yanayin ɗaki ranar shigowa da ranar fita, da kai rahoton famfon da ya lalace, da faɗa wa mutum goma lokacin rufe ɗakin cin abinci. Wannan kashin na'ura ta daɗe da sa masa hannu. Tun a 2018 Jami'ar Saint Louis ta sanya na'urorin Echo Dot na kamfanin Amazon fiye da 2,300 a ɗakunan ɗalibanta domin su amsa irin waɗannan tambayoyi, kuma kafin ita, a 2016, Jami'ar Jihar Jojiya ta fara amfani da wata manhajar hira mai suna Pounce wajen tuna wa sababbin ɗalibai takardun da ba su kammala ba. Rabon ɗakuna da haɗa abokan zama ma manhaja ke yi a jami'o'i da dama. Ni ban ga abin baƙin ciki a nan ba, domin ban taɓa jin wanda ya ce abin da ya fi so a aikin shi ne a tashe shi ƙarfe uku na dare ya nemo makulli ba.

Kashi na biyu shi ne wanda ya sa aikin ya kwanta miki a rai. Yarinya 'yar shekara 18 ce ta baro gidansu karon farko, kwana uku ba ta fito cin abinci ba, kuma babu wanda ta gaya wa komai. Manhaja tana amsa wanda ya tambaye ta ne, alhali ɗalibar da ta fi buƙatar taimako sau da yawa ita ce ba za ta tambaya ba, sai wanda ya saba ganin fuskarta kullum a baranda ya lura cewa ta sauya, ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Haka nan 'yan ɗaki ɗaya da suka daina magana da juna saboda ɗaya tana kunna fitila da asuba, sulhunsu yana buƙatar wanda dukansu biyu suke jin nauyinsa. Idan kuma aka tsinci ɗalibi a sume saboda giya, a ƙasar da doka ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sayenta, dole wani ya tsaya a kansa, ya kira motar asibiti, ya lallashi abokansa da ke tsoron a hukunta su.

Akwai kuma maganar alhaki, wadda masu hasashe suka cika mantawa da ita. Dokar Clery ta 1990 ta wajabta wa jami'o'in Amurka tattara rahoton laifuffukan da aka aikata a harabarsu, kuma jami'o'i sukan lissafa masu irin aikinki cikin waɗanda dole su kai rahoto idan labarin laifi ya iso musu. Ranar da wani abu ya faru da ɗan mutane, iyaye da lauyoyi za su tambayi wane ne ke bakin aiki a daren, kuma jami'a ta fi kowa sanin cewa ba za ta nuna musu waya ta ce ga mai amsawa ba.

Masana ma sun karkata ga wannan. A 2013 Carl Frey da Michael Osborne na Jami'ar Oxford sun auna sana'o'i 702 a Amurka, suka ƙiyasta cewa kashi 47 cikin 100 na ayyukan ƙasar suna cikin babban haɗarin komawa hannun na'ura, amma masu kula da ɗakunan kwana sun faɗa cikin rukunin da haɗarinsu bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Gaskiya ne binciken ya girmi ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022, kuma ƙirƙirarriyar basira ta yanzu ta iya hira fiye da yadda aka zata a lokacin. To amma iya hira daban, kwana a gini ɗaya da ɗalibai daban.

Abin da nake so ki sa wa ido shi ne gadon kwana. Aikinki yana rayuwa ne muddin akwai ɗalibi a kan gadon. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, Jami'ar Harvard ta ba ɗalibanta kwana biyar su kwashe kayansu, sauran jami'o'i suka bi sahu, masu kula da ɗakuna da yawa suka wayi gari babu wanda za su kula da shi, kuma babu na'urar da ta kore su. Ke 'yar Zariya ce, kin san yadda ɗakunan kwanan ɗalibai na Amina da Ribadu da Suleiman a Jami'ar Ahmadu Bello suka koma kufai a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022. Matsalar da ke gaban Amurka ta fi wannan tsawo, domin an haifi yara kusan miliyan 4.3 a 2007, daga nan haihuwa ta yi ta raguwa har ta sauko kusan miliyan 3.6 a 2023. 'Ya'yan 2007 su ne suka kai shekarun shiga jami'a a 2025, waɗanda ke bayansu kuwa ba su kai su yawa ba. Ƙananan kwalejoji masu zaman kansu sun riga sun fara rufewa ko haɗewa da wasu. Jami'ar da kuɗinta ya ragu ba za ta sallami masu kula da ɗakuna gaba ɗaya ba, amma tana iya cewa tunda manhaja ta ɗauke aikin takarda, sai ki riƙe ɗalibai sittin maimakon arba'in. Ta wannan ƙofar na'ura za ta taɓa ki, idan za ta taɓa ki. Ba mamaki ke nan da masu wannan aiki suka fara kafa ƙungiyoyin ƙwadago, tun daga Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a 2002, wasu jami'o'in kuma suka biyo baya a 'yan shekarun nan.

Game da digiri na biyu, ki sani cewa aikin RA na ɗalibi ne, yana ƙarewa ranar da kika gama karatu. Matakin da ke sama shi ne shugaban gini, ma'aikaci na cikakken lokaci wanda yake zaune a cikin ginin, albashinsa ba mai yawa ba ne, kuma mutane da dama sukan bar shi bayan 'yan shekaru saboda kiran dare, musamman idan sun yi iyali. Waɗanda suka daɗe a fannin su ne suka haɗa shi da wata ƙwarewa, kamar ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ko ladabtar da ɗalibai, ko kula da ɗaliban ƙasashen waje, ko kuma sarrafa ita kanta manhajar rabon ɗakunan. Ki tuna kuma cewa mai bizar karatu wanda fanninsa ba na kimiyya da fasaha ba ne, izinin aikin da yake samu bayan kammalawa wata 12 ne kawai, don haka ki shiga ofishin ɗaliban ƙasashen waje ki ji matsayinki kafin ki yanke shawara.

Ban hana ki bin abin da ranki ke so ba. Amma kada ki biya kuɗin wannan digiri daga aljihunki ko na Yayanki, domin jami'o'i da yawa suna ɗaukar ɗaliban digiri na biyu a matsayin mataimakan shugaban gini, su ba su masauki su kuma rage musu kuɗin makaranta ko su yafe shi. Kafin ki karɓi gurbi a kowace jami'a, ki tambaye su yawan sababbin ɗaliban da suka ɗauka a shekaru biyar da suka wuce, da ko suna tilasta wa 'yan shekarar farko zama a cikin makaranta, da kuma ɗalibai nawa ke hannun kowane mai kula da bene a bana da shekara biyar baya. Ki gaishe da Yayanki, ki kuma nuna masa amsoshin da suka ba ki.