Wayata ta ce yau Sallah, mu kuwa muna azumi: amsoshin tambayoyinku kan kalandar waya

Da zarar wani babban biki na addini ya ƙarato, saƙonnin da nake samu sai su koma kan kalanda. Ga wasu daga ciki, na taƙaita tambayoyin.

Malam, bara wayata ta nuna 1 ga Shawwal alhali ba a ga wata ba, sai da muka cika talatin. Wayar ce ta samu matsala?

Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta lau. Ba ta da idon duban wata ne, lissafi kawai ta iya.

Daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaici. Shi ya sa wata yake yin 29 ko 30. Mu mutane muna iya jira yammacin 29 mu ji labari, amma manhaja dole ta cika shafukan shekaru masu zuwa tun yau, don haka sai ta bi jadawalin da aka riga aka tsara.

Jadawalin nan iri biyu ne suka fi yawa. Na farko lissafi ne zalla: wata guda 30, na bayansa 29, haka har ƙarshen shekara, sannan a cikin kowace shekara 30 a zaɓi 11 a ƙara wa Zulhajji kwana ɗaya. Babu ruwansa da inda wata yake a sama. Na biyu shi ne kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda ke duba lissafin falaki a sararin Makka: an haifi wata kafin faɗuwar rana, kuma rana ta riga shi faɗuwa? In haka ne, gobe ɗaya ga wata. To amma haihuwar wata daban, ganinsa da ido daban. Kai, su kansu Saudiyya ba da wannan kalandar suke ɗaukar azumi ba, Kotun Ƙolinsu ce ke sanar da Ramadan da Shawwal da Zulhajji bayan shaidar gani. In masu abu ba su ɗora azuminsu a kai ba, kai me zai sa ka ɗora naka? Ka yi amfani da ita wajen shirin tafiya ko neman hutu a wurin aiki, amma shiga da fita daga azumi ka saurari hukumar ganin wata ta ƙasarka.

Ana iya gyara saɓanin. Windows na kwamfuta yana da wurin matsar da kwanan Hijiriyya gaba ko baya har kwana biyu a cikin saitin yanki da kwanan wata, kuma yawancin manhajojin lokutan salla suna da irinsa. Sai dai gyaran na wannan watan ne kawai. Na sha ganin wanda ya rage kwana ɗaya a Sha'aban ya manta, wata uku yana yawo da kwanan da ba na kowa ba.

Akwai wani tarkon kuma da ya fi wannan kama mutane. Kwanan Musulunci da magariba yake shiga, waya kuwa sai sha biyun dare take juya shafi. Daren 27 ga Ramadan yana farawa ne fuskar wayarka tana nuna 26. In ka jira sai ka ga 27 sannan ka ce "yau da dare", ka riga ka makara da kwana guda.

Yaya zan sa kwanan Hijiriyya ya riƙa fitowa a wayata ba tare da na sauke wata manhaja ba?

Hajiya, a iPhone ki shiga saiti, ki nemi Calendar (a sabbin wayoyi yana ƙarƙashin Apps), ki taɓa Alternate Calendars, ki zaɓi Islamic. Zai fito har a fuskar waya in tana kulle. A Google Calendar ki shiga saiti, sai General, sai Alternate calendar. Za ki ga Hijiriyya kala uku: Civil, Kuwaiti da Saudi. Ki gwada su, ki bar wadda ta fi dacewa da abin da aka sanar a inda kike. Kuma kin kyauta da kika ƙi sauke ƙarin manhaja, don da yawansu talla ce ta fi kalandar yawa, ga neman izinin shiga lambobin mutane ba gaira ba dalili.

Ni Kirista ce. Na sa ranar Ista a kalanda na ce ta maimaita duk shekara, sai ta tuna min a ranar da ba ita ba. Sannan ƙawata 'yar Habasha nata bikin daban da nawa. Wa ya yi kuskure?

'Yar'uwa, babu wanda ya yi kuskure sai maɓallin "maimaita duk shekara". Shi abin da ya sani kawai shi ne ya dawo da abu a rana ɗaya ta wata ɗaya na Miladiyya. Ya dace da Kirsimeti na 25 ga Disamba, amma Ista ba ta zama wuri ɗaya. Ƙa'idarta, wadda ake dangantawa da taron shugabannin coci da aka yi a garin Nikiya a shekarar 325, ita ce Lahadin farko bayan cikar farin wata (daren sha huɗu) da ta faɗo a 21 ga Maris ko bayansa. Saboda haka tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

Batun ƙawarki kuwa tsohon labari ne. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara kalandar Juliyas, wato tsohuwar kalandar Miladiyya, aka tsallake kwana goma: mutane sun kwanta 4 ga Oktoba, suka tashi 15 ga wata. Yawancin majami'un Otodoks, irin na ƙasar ƙawarki, ba su bi gyaran ba wajen lissafin Ista, kuma tazarar yanzu ta kai kwana 13. Shi ya sa Rasha da Kibɗawan Masar da Habasha suke Kirsimeti a 7 ga Janairu. A 2024 Istar majami'un da suka bi gyaran ta faɗo 31 ga Maris, ta Otodoks sai 5 ga Mayu. A 2025 kuwa duka biyun suka haɗu a 20 ga Afrilu.

Ki goge wancan tunatarwar. A Google Calendar ki shiga sashen ranakun hutu, akwai jerin bukukuwan addinai: na Kirista, na Otodoks, na Musulmi, na Yahudawa da na Hindu. Ki kunna biyun farko, su za su riƙa sabunta kansu.

Musulmi ma su ji da kyau, don maɓallin nan ya fi cutar su. Shekarar Hijiriyya kwana 354 ce ko 355, kullum tana ja da baya da kusan kwana 11. A 2030 ma Ramadan sau biyu zai shigo, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba, kamar yadda aka yi a 1997.

Ina aiki ta intanet da mutanen Indiya da Sin. Na ji su ma da wata suke lissafi, to me ya sa bukukuwansu ba sa zagaya shekara kamar azumi?

Saboda suna yi wa shekararsu ciko. Watanninsu na wata ne, amma in giɓin kwana 11 ɗin nan ya taru ya kai wata guda, sai su cusa wata na goma sha uku. Hindu suna yin haka kusan duk bayan wata 32 zuwa 33. Yahudawa suna ƙara wata sau bakwai a cikin kowace shekara 19, su maimaita watan Adar. Shi ya sa bikin Diwali na Hindu ba ya barin Oktoba da Nuwamba, sabuwar shekarar Sin tana tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, Yom Kippur na Yahudawa kuma yana Satumba ko Oktoba. Musulunci ne ya hana wannan cikon, shi ya sa azumi ke ratsa zafi da sanyi ya dawo inda ya fara cikin kimanin shekara 33.

Shawarata gare ka, Alhaji: kada ka yarda da rana ɗaya tak da kalanda ta nuna. A 2024 an yi ta ja-in-ja a Indiya kan ko Diwali 31 ga Oktoba ne ko 1 ga Nuwamba, domin ranar wata a lissafinsu tana iya shiga da yamma ta ƙare washegari. Bukukuwan Yahudawa su ma da faɗuwar ranar jajibiri suke farawa. Ka tambayi abokin aikinka kai tsaye ranar da ba zai kasance ba.

Na sayi iPhone na hannu, sai na ga tana nuna shekarar 2568 maimakon 2025. An ce min kutse aka yi mata.

Babu kutse. Cire 543 daga 2568 ka ga abin da zai rage. An saita wayar ne a kalandar mabiya Budda, irin wadda Tailan ke amfani da ita a hukumance, wadda ta girmi Miladiyya da shekara 543. Ka shiga saiti, General, Language & Region, Calendar, ka mayar da ita Gregorian.

Kada ka kuskura ka je wurin kwanan wata ka ce za ka ja shekara baya da hannu. Agogon cikin wayar daidai yake, rigar kawai aka sauya masa. In ka taɓa shi, WhatsApp zai fara ƙorafin kwanan wata ba daidai ba, shafukan intanet kuma su ƙi buɗewa saboda takardun tsaronsu suna dogara da agogon. Ka bar shi a kan saita kansa da kansa.