Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sa Burodina Yake Lotsawa a Cikin Inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi injin gasa burodi domin in riƙa yi wa iyalina a gida, amma har yanzu bai fito yadda nake so ba. Wani lokaci kwaɓin yakan tashi har ya kusa taɓa murfi, sai kuma tsakiyarsa ta lotsa kafin ya gama gasuwa. Wani lokaci kuma yakan fito a dunƙule, da nauyi. Da kofi nake auna fulawa, kuma ina bin abin da littafin injin ya ce. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ina kyautata zaton cewa injinki lafiyarsa ƙalau, kuma matsalar daga awo take. Tun da kamfanin Matsushita na ƙasar Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, ya fito da irin wannan inji a shekarun 1980, aikinsa bai sauya ba: yana murza kwaɓi, ya bar shi ya tashi, sannan ya gasa shi, kowane mataki da lokacin da aka ƙayyade masa. Ba ya ganin ko kwaɓin ya yi ruwa ko ya yi tauri, saboda haka duk abin da aka zuba masa shi zai gasa.

Kofi ba abin dogaro ba ne wajen auna fulawa, domin kofi ɗaya yana iya ɗaukar giram 120 idan an zuba a hankali, ya kuma kai giram 150 idan an danna ta. Ki nemi ƙaramin sikeli na kicin. Ga fulawa giram 500, ki fara da ruwa wajen mililita 310, da gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, da sukari babban cokali ɗaya ko biyu, da mai ko bota babban cokali biyu, da busasshen yis ƙaramin cokali ɗaya da rabi. A yawancin injuna ruwa da mai ake fara zubawa, sai fulawa ta rufe su, a sa gishiri da sukari a gefe, a yi ɗan rami a saman fulawar a zuba yis. Wasu injunan kuwa yis suke so a fara sawa, don haka a nan ki bi littafinki.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne duba kwaɓin bayan minti biyar zuwa goma da fara murzawa, domin buɗe murfi a wannan lokacin ba ya ɓata komai. Kwaɓi mai kyau yakan haɗu ya zama dunƙule ɗaya mai santsi yana zagaya 'yar muciyar ƙarfen da ke ƙasan gwangwanin, idan kika taɓa shi da yatsa ya ɗan kama ki amma ya sake ba tare da ya bar komai a jikin yatsan ba. Idan kin ga yana shafe ƙasan gwangwanin kamar man shafawa, ki ƙara fulawa babban cokali ɗaya, ki jira minti biyu ki sake dubawa. Idan kuwa yana farfashewa, injin yana nishi wajen juya shi, ki ƙara ruwa babban cokali ɗaya. Da zarar an shiga matakin gashi, kada ki sake ɗaga murfin.

Lotsawar da kika ambata takan zo ne idan ruwa ko yis ya yi yawa, ko an rage gishiri, wanda shi ne yake taka wa yis birki. Kwaɓin sai ya kumbura fiye da ƙarfinsa, zafin gashi na taɓa shi ya rushe. Zafin ɗaki ma yana hanzarta tashinsa, don haka a ranakun zafi ki yi amfani da ruwan sanyi, ki kuma rage yis da kwatan ƙaramin cokali. Nauyin burodi kuwa yakan nuna cewa fulawa ta yi yawa, ko yis ya tsufa, ko an zuba masa ruwan zafi, domin yis yana mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Domin ki gwada yis ɗin, ki zuba kaɗan a ruwa mai ɗumi da ɗan sukari. Idan bai yi kumfa cikin minti goma ba, ki sayi sabo. Ki kuma nemi fulawar da aka rubuta cewa ta burodi ce, wadda furotin ɗinta yake kai wajen kashi 12 cikin ɗari, domin ita ce take ba kwaɓi danƙon da zai riƙe iska.

Idan injin ya gama, ki juye burodin nan take a kan raga don kada gumi ya jiƙa ɓawonsa, ki duba ko muciyar ta maƙale a ƙasansa, sannan ki bar shi ya huce na kusan awa ɗaya kafin ki yanka.