Tambayoyinku: An ba ni dutsen Kalambaina, abokaina sun sami na man fetur

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a sashen ilimin duwatsu. Da aka raba batutuwan binciken kammala digiri, abokaina suka sami na man fetur da zinariya, ni kuwa aka ce in yi a kan dutsen farar ƙasa na Kalambaina, kusa da Sakkwato. Gaskiya raina ya sosu. Dutsen da ake niƙewa a yi siminti, me zan gano a cikinsa? Ko in roƙi a canza mini? Ɗalibinka daga Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka roƙi canji. Riƙe abinka da hannu biyu.

Ranar da aka fara kai mu Kalambaina muna ɗalibai, ni ma da irin tunaninka na je. Rana ta take, ƙura ta yi mana furfura, sai malaminmu ya miƙo mini wani ɗan dunƙulen dutse kamar ƙwallon goruba, ya ce in goge shi. Ina gogewa da babban yatsa sai ga zane mai reshe biyar kamar tauraro. Ya ce bushiyar teku ce, wata halittar ruwa mai ƙaya da ta zama dutse. A Sakkwato, inda sai ka yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ka ga teku! Har yau tana kan teburina.

Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya malalo ta inda Sahara take a yau, ya rufe yankin Sakkwato da wani sashe na Nijar. Dutsen yashi, daga wani wuri ruwa ke kwaso shi ya zube. Dutsen kabonet kuwa, wato dangin dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina, galibi a inda ka same shi aka haife shi, daga ɓawon katantanwa da ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka kwanta hawa bisa hawa. Shi ya sa mai karanta shi yake iya faɗin zurfin ruwan da ɗuminsa, da ko mai igiya ne ko kwantacce. A ƙarƙashin dutsen Kalambaina akwai shimfiɗar laka da ake kira Dange mai ɗauke da ma'adinan jibsam da fosfat, a samansa kuma wadda ake kira Gamba. Kowane sauyin hawa labari ne na yadda ruwan ya shigo ko ya janye.

Aikin da hannu ake fara shi. Guduma, ɗan gilashin ƙara girma, da kwalbar asid haidirokilorik da aka tsarma zuwa kashi 10 cikin 100. Ka ɗiga a kan kalsait, babban ma'adinin dutsen farar ƙasa, nan take zai yi kumfa yana shuu. Dolomait, wani ma'adinin kabonet mai kama da shi, ba ya tankawa sai ka kankare shi ya zama gari. Daga nan a yanka dutsen a goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske yana ratsa shi, ka sa a maikiroskob. A nan za ka haɗu da tsarin rarraba dutsen kabonet da masanin duwatsu Robert Dunham ya fitar a 1962, wanda tambayarsa mai sauƙi ce: ƙwayoyin suna jingine da juna, ko suna iyo a cikin laka? Laka mai yawa alamar kwantaccen ruwa ce. Ƙwayoyi wankakku, igiya ce ta wanke su.

Wani kuskurena da ba na so ka maimaita: na taɓa cika buhu da samfura masu kyau, ban rubuta hawan da na ciro kowanne ba. Malamina ya juye su a ƙasa ya ce tsakuwa na kwaso. Ya yi gaskiya, kuma sai da na sake komawa. Ka auna kaurin kowane hawa daga ƙasa zuwa sama, ka zana, ka sa wa samfur lamba tun kafin ya shiga jaka.

Batun man fetur da ke damunka kuwa, filin Gawar na Saudiyya, wanda aka gano a 1948 kuma yana cikin mafi girma a duniya, a ƙananan ramukan cikin dutsen kabonet mansa yake kwance. Wanda ya iya karanta ramukan dutsen Kalambaina ya kama hanyar karanta na can. A gida ma, kamfanin simintin Sakkwato tun 1967 yake cin wannan dutse, ga na Ashaka a Gombe, ga na Malbaza a Nijar, kuma duk suna buƙatar wanda zai gaya musu wane hawa ne mai tsabta, wanne ne laka ta yi wa yawa. Ni abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ruwa. Ruwan sama yana narkar da dutsen a hankali, ya buɗe ƙofofin da ke riƙe ruwa, rijiyoyin ƙauyuka da dama a yankin daga nan suke sha har cikin rani.

Kafin ka fita, ka karɓi takarda daga sashenku, ka nemi izinin masu wurin haƙar, ka gaida mai gari ka tambaye shi lafiyar hanya. Kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka fara aiki da sassafe, don farin dutsen nan yana kashe ido in rana ta ɗaga.