Amsar tambayarka a kan al'adar shan gahawa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce shan gahawa ya zame maka jiki, kofi huɗu zuwa biyar a rana, na ƙarshe bayan isha'i idan aiki ya taru. Wasu sun ce maka magani ce ga hanta da ciwon suga, wasu kuma sun ce cin zuciya take yi. Kana so ka san ko al'ada ce ta riƙewa ko ta yarwa, ka kuma ambaci cewa mai ɗakinka, da ke da juna biyu, takan taya ka sha. Na ji daɗi da ka tambaya, domin abin da mutum ke zuba wa cikinsa kullum ya cancanci a zauna a duba shi.

Gardamar nan ta girme mu duka. Sufayen Yaman ne suka yaɗa shan gahawa a ƙarni na 15 don su iya raya dare da ibada, a 1511 aka haramta ta a Makka, daga baya aka janye, a 1675 kuma Sarkin Ingila Charles na biyu ya ba da umarnin rufe gidajen shanta, umarnin bai yi mako biyu ba ya janye shi. To amma yau muna da abin da su ba su da shi, wato ma'auni. Abin da nake so ka riƙe shi ne, illar gahawa an auna ta, an san yadda take aukuwa da kuma wanda take kamawa. Amfanin da ake jingina mata kuwa har yanzu alama ce aka gani, ba a kama ta hannu da hannu ba.

Mu fara da kofin da ke gabanka. Abin da ke wartsake ka a ciki shi ne sinadarin kafeyin. Kofi mai cin mililita 240 na gahawar da aka tace yana ɗauke da kusan miligiram 95. Ɗan kurɓin nan mai kauri da ake kira espresso, mililita 30 kacal, yana da kusan 63. Garin da ake narkarwa a ruwan zafi kuwa, cokalin shayi guda da ya yi tozo yana ba da kusan 60. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka da takwararta ta Tarayyar Turai sun tsaya a kan miligiram 400 a rana ga babban mutum mai lafiya, ta Turai ta ƙara da cewa kada a wuce 200 a zama ɗaya. Inda mutane ke ruɗin kansu shi ne wajen ƙirga kofi. Babban kofin nan mai mariƙi yakan ci mililita 350 ko fiye, ka ga guda ɗaya ya zama ɗaya da rabi ke nan. Irin ƙwayar ma yana da tasiri, domin robusta ta kusa ninka arabika a yawan kafeyin, kuma ita aka fi sa wa a garin narkarwa. Sannan baƙin shayi yana da kusan 45 a kofi, gwangwanin lemon kola kusan 35, ƙaramin gwangwanin abin shan ƙara kuzari kusan 80, wasu magungunan ciwon kai ma da shi a ciki. Duka a asusu ɗaya ake lissafa su. Idan kofunanka biyar manya ne, ka wuce iyaka da nisa.

Yanzu ga inda na fi damuwa da kai, wato barci. Tun da ka farka, wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sa ido ya yi nauyi idan dare ya yi. Kafeyin kama yake yi da shi, sai ya je ya zauna a gurbinsa ya toshe. Gajiyar tana nan ba ta je ko'ina ba, saƙonta ne kawai aka tare a hanya. Ƙarfinsa yakan kai ƙololuwa cikin minti 30 zuwa 60, sannan hanta ta shiga aikin fitar da shi, kuma wajen awa biyar take ɗauka kafin ta rage rabi. Yi lissafin da kanka. Ka sha miligiram 200 da ƙarfe huɗu na yamma, ƙarfe tara na dare akwai 100 a jininka, ƙarfe biyu na dare akwai 50. Kofin bayan isha'i kuwa da shi kake kwana har asuba. A 2013 an yi gwaji a Amurka, aka ba mutane miligiram 400 awa shida kafin su kwanta, na'ura ta nuna barcinsu ya ragu da fiye da awa ɗaya, alhali su da kansu ba su lura da girman raguwar ba. Wannan shi ne abin tsoron. Mutum zai ce maka shi yana shan gahawa ya kwanta ya yi minshari, kuma gaskiya ya faɗa, amma barci mai nauyi, wanda jiki ke gyara kansa a cikinsa, shi ne ya ragu. Sai ya tashi da safe a gajiye, ya ƙara kofi, dare ya yi barcin ya ƙara lalacewa, gobe ya sake ƙarawa. Haka kofi biyu ke zama biyar ba a sani ba.

Awa biyar ɗin nan ma ba ta kowa ba ce. Wani hantarsa na da sauri, wani tana da nawa, gado ne, shi ya sa wani zai sha uku lafiya lau, wani rabin kofi ya sa hannunsa ya yi ta rawa. Ƙwayoyin tsarin iyali sukan kusa ninka lokacin. Maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, ciprofloxacin, yana rage wa hanta saurin fitar da kafeyin, sai mutum ya sha kofinsa na kullum ya ji gabansa na faɗuwa ya rasa dalili. Taba kuwa hanzarta fitarsa take yi, don haka wanda ya daina shan sigari ya kamata ya rage gahawarsa da rabi, in ba haka ba zai ɗauka rashin tabar ne ke hana shi barci.

Batun mai ɗakinka ba na wasa ba ne. Kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan da ke ciki, shi kuwa hantarsa ba ta da abin narkar da shi tukuna. Ita ma uwar, a watannin ƙarshe, jikinta kan ɗauki har awa goma sha biyar kafin ya rage rabi. An ga alaƙa tsakanin yawan shansa da ɓari da kuma haihuwar jariri maras nauyi. Likitocin mata na Amurka da hukumar lafiya ta Ingila sun ce kada mai ciki ta wuce miligiram 200 a rana, har da shayi da lemon kola da cakulan. Ni a ganina, kofi ɗaya ƙarami da safe ya ishe ta, in ta iya bari baki ɗaya ya fi. Akwai kuma batun jini. Wani gwaji na 1983 ya nuna kofin gahawa tare da abinci yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsa da kashi 39 cikin 100, shayi kuma da kashi 64. Mai ciki da duk mai ƙarancin jini su raba gahawa da abinci, su raba ta da ƙwayar ƙarin jini, da tazarar awa ɗaya zuwa biyu. Haka mai shan levothyroxine don ciwon maƙoƙo ko raunin ƙwayar wuya, da ruwa zalla zai sha shi, ya jira awa guda.

A kan zuciya, abokanka sun yi ƙari amma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Kofi guda yana ɗaga hawan jini kaɗan na 'yan awanni, musamman ga wanda bai saba ba, shi ya sa ake cewa kada a sha minti 30 kafin awo. Ga mai lafiya da ke shan biyu zuwa uku, manyan bincike ba su nuna ƙarin ciwon zuciya ba. Amma wani dogon bincike a Japan da aka wallafa a 2022 ya gano cewa masu hawan jini mai tsanani, daga 160 bisa 100 zuwa sama, da ke shan kofi biyu ko fiye a rana, haɗarin mutuwarsu ta ciwon zuciya da jijiyoyi ya ninka na waɗanda ba sa sha. Saboda haka ka je a auna ka kafin komai. Mai faɗuwar gaba, mai yawan fargaba, mai ƙwannafi da ke taso masa da dare, duk jikinsu ya riga ya ba su amsa, ba sa buƙatar jiran wani bincike.

Yadda ake dafa ta ma da magana. A cikin man ƙwayar gahawa akwai sinadarai biyu, cafestol da kahweol, masu ɗaga mugun kitsen jini. A garin Tromsø na ƙasar Norway aka lura da haka a 1983, a tsakanin masu tafasa gari a tukunya su sha ba tacewa. Matacin takarda yana tare kusan dukkansu. Matacin ƙarfe da tulun gilashin nan da ake danna garin ƙasa ba sa tarewa, haka gahawar Turkiyya da ake sha da diddiga. Garin narkarwa kusan babu su a ciki. In likita ya taɓa ce maka kitsenka ya hau, koma wa takarda.

Sai zafi. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Lyon a Faransa, ta sa gahawa cikin abubuwan da ake zargi da kawo dajin mafitsara a 1991. A 2016 ta sake duba hujjoji ta cire ta, amma a zama ɗaya ta ce duk abin shan da zafinsa ya wuce digiri 65 mai yiwuwa ne ya jawo dajin hanyar abinci, domin ƙunar da ake yi wa fatar maƙoshi kullum. Ka ga kofin yana tururi har ba ka iya riƙe shi sai da mariƙi, kana hurawa kana kurɓa da gefen leɓe, to ajiye shi minti biyar. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

To, amfanin fa? Akwai abin da aka gani, ba zan ɓoye maka ba. A 2017 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara sama da tarin bincike 200, ta ga masu shan kofi uku zuwa huɗu a rana sun fi ƙarancin ciwon suga nau'i na biyu, da taurin hanta, da dajin hanta, da cutar makyarkyata ta Parkinson. Na hanta shi ne ya fi ƙarfi. Na suga kuwa har a gahawar da aka cire wa kafeyin an gan shi, alamar in ma akwai amfani, ba daga kafeyin kaɗai yake ba. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Kusan duk waɗannan bincike kallo ne aka yi, an tambayi mutane abin da suke sha, aka bi su shekaru. Ba a raba su gida biyu aka ce ku sha, ku kada ku sha ba. Wanda ciwo ya fara kama shi yakan daina gahawa da kansa, sai ya faɗa cikin rukunin marasa sha ya sa su zama kamar sun fi ciwo. Taba ma ta daɗe tana rikita lissafi, domin masu shan gahawa sun fi shan sigari. A 1981 masana daga Harvard sun danganta gahawa da dajin wata gaɓar ciki da ake kira pancreas, aka tsorata, binciken baya bai tabbatar ba. A 2012 wani bincike kan mutum kusan 400,000 a Amurka ya nuna da farko masu shan gahawa sun fi mutuwa, da aka cire tasirin taba sai lissafin ya juye. Da aka bi ta hanyar ƙwayoyin gado kuma, aka duba waɗanda halittarsu ke sa su yawan sha, ba a ga kariyar ciwon suga ɗin ba. Don haka babu likitan kirki da zai ce wa wanda ba ya sha ya fara don magani.

Kuma ko amfanin ya tabbata, na baƙar gahawa ne ko mai ɗan madara. Cokalin shayi na sukari giram 4 ne. Cokali uku a kofi biyar giram 60 ke nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce kusan 50 a rana daga duk abinci, 25 ya fi. 'Yan ƙunshin nan na uku-a-ɗaya, karanta bayansu, sukari ne yawanci a sahun farko. Mai shan wannan don gudun ciwon suga ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka yanke rana ɗaya, domin ciwon kai zai taso bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta a kwana na biyu, ya iya kai kwana tara, da kasala da saurin fushi, kuma a nan yawanci ake komawa. Fara da cire na bayan isha'i, ka maye shi da wadda aka cire wa kafeyin in hannunka ya saba da kofi, ita ba ta wuce miligiram 2 zuwa 15 ba. Bayan kwana uku ko huɗu ka cire na yamma, har ya zama tsakanin kofinka na ƙarshe da kwanciyarka akwai awa takwas. Daga nan ka riƙa rage rabin kofi duk bayan 'yan kwanaki har ka tsaya a biyu ko uku, da ƙaramin kofi, sukari cokali ɗaya. Ka ba shi mako biyu kana lura da lokacin da barci ke ɗaukar ka da yadda kake tashi. Yara kuwa kada a saba musu ko kaɗan. Garin kafeyin zalla da ƙwayoyinsa da ake sayarwa don hana barci, ka nisance su, cokalin shayi ɗaya na garin ya kai kofi ashirin da wani abu, kuma ya kashe mutane. Idan ka rage amma bugun zuciya bai daidaita ba, ko ka ji ciwon ƙirji ko jiri, kada ka ɗora wa gahawa laifi ka zauna, je asibiti a ranar.

Ka gaishe min da mai ɗakin taka, ka ce ta faɗa wa ungozoma ko likitan awo adadin da take sha a zuwanta na gaba. Allah ya sauke ta lafiya.

Baffanka